Harafin da talabijin ya cinye

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya haura shekara 40 yana zaune a Makka, a wani lungu da ke bayan Shari' Mansur, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin ya kwanta bayan sallar isha'i bai buɗe littafi ba. A zaure ya yi karatunsa a Kano kafin ya taso, saboda haka littattafan da ya fi sabo da su su ne na fiƙihu masu rubutun Magaribi, waɗanda takardarsu ta yi ja don tsufa, gefensu kuma cike yake da ƙananan bayanai na ajami da ya rubuta da hannunsa. Da ido ya fara gajiya aka yi masa aikin yana, ya samu sauƙi ƙwarai, amma ƙaramin rubutu ya ci gaba da gagararsa ko da tabarau. Ni kuwa a Jidda nake aiki a wani shagon buga takardu, don haka dabarar da ta zo mini ita ce in ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya da na'urar shagon, in zuba su a wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, in haɗa ta da talabijin ɗin falonsa mai inci 43 ta wayar HDMI, yadda kowane layi zai fito da girman da zai iya karantawa daga inda yake zaune.

Wata Alhamis na je Makka na haɗa komai, na buɗe shafi, na yi ta faɗaɗa shi har layukan suka taɓa gefe da gefe, don in ba shi iyakar girman da gilashin zai ɗauka. Kawu ya gyara zama ya fara bi da murya, bai kai layi na biyar ba sai ya tsaya ya ce, "Ɗan nan, wa ya taɓa mini littafi? Nan wurin 'la yajuzu' ne, ga shi ina ganin 'yajuzu'." Na duba fuskar kwamfuta, ga lam'alif nan daram a farkon layi. Na ɗaga kai na dubi talabijin, babu shi babu alamarsa. Duk wanda ya ɗan san Larabci ya san girman wannan ɓarna, domin abin da littafi ya ce bai halatta ba, gilashin ya nuna cewa ya halatta. Kawu ya kama kuskuren ne saboda ya haddace wurin tun yana saurayi, kuma abin da ya tsaya mini a rai a daren nan shi ne tunanin ɗalibin da bai haddace ba, wanda zai karanta ya wuce ya riƙe hukuncin a juye. Da na ƙara lura sai na ga ba dama kaɗai aka ci ba, hagu ma an ci, sama ma haka, sandar ƙasa ta Windows kuma inda agogo yake saura rabinta.

Na fara zargin wayar HDMI ɗin, na sayo sabuwa, ba abin da ya canza. Na nuna wa wani mai gyara hoton abin a wayata, ya ce kayan cikin akwatin ne suka fara lalacewa sai an canza su, ya yanka kuɗin da ya kusa rabin kuɗin sabon talabijin. Ban yarda ba, domin launi lafiya lau yake, sauti ma haka, kuma a ganina abin da ya lalace ba ya yanka daidai-wa-daida ta ɓangarori huɗu kamar an sa ma'auni. Daga nan na shiga saitin hoto na kwamfutar, na tarar da wani maja da ake ja a rage girman abin da take aikawa, na ja shi har gefuna huɗun suka dawo, na ɗauka magana ta ƙare. Kawu ya karanta layi biyu ya ce, "Harafin ya dawo, amma rubutun ya yi hazo kamar safiyar hunturu." Gaskiya ya faɗa. A rubutun Magaribi, abin da ya raba fa da ƙaf shi ne wurin zaman ɗigo ɗaya tak, na fa a ƙasa, na ƙaf a sama, a ajami kuma ɗigon imala da ke ƙarƙashin harafi shi ke nuna wasalin da za a furta. Da zarar waɗannan ɗigogi suka narke cikin jikin haruffa, mai raunin ido ya koma karatu da ka, ba da ido ba.

Sai daga baya na gano cewa akwatin lafiyarsa ƙalau, da gangan yake yin abin da yake yi. A harshen masu ƙera talabijin sunan abin overscan, ni kuwa ina kiransa cin gefe, don ya fi kama da cin iyakar gona, inda maƙwabci yake ɗan matso da kunyarsa kaɗan, mai gona bai ankara ba sai ranar da aka zo da igiyar awo. Talabijin yana karɓar cikakken hoto, sai ya ƙara masa girma kaɗan fiye da gilashinsa, abin da ya zarce ta gefuna ya zube a waje ba a ganinsa.

Asalin wannan ɗabi'a yana cikin tsohon akwati mai doro, irin wanda aka fara kallo da shi a Najeriya da aka buɗe tashar Ibadan a 1959, da nan Saudiyya da aka buɗe ta gwamnati a Riyad da Jidda a 1965, zamanin Sarki Faisal. A cikin irin wannan akwati babu hoto a zaune. Wani siririn zaren lantarki ne ake harbowa daga bayan kwalbar, maganaɗisu yana karkata shi yana sharar gilashin layi bayan layi, daga sama har ƙasa, da saurin da ido ba ya iya bi. Girman hoton ya dogara ne da ƙarfin wutar da ke tuƙa zaren, wutar kuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya: idan ta yi ƙasa hoton ya tsuke, idan akwatin ya ɗauki zafi ya ɗan motsa, idan aka nuno wuri mai haske sosai ya ɗan kumbura, idan kayan ciki suka tsufa ya karkace. Waɗanda suka yi kallo a gida lokacin da wuta take zuwa rabi-rabi za su tuna yadda baƙin gefe yake bayyana hoton ya koma tsakiya. Ga kuma kusurwoyin kwalbar da ba su da kaifi, a lanƙwashe suke. Maƙera suka ga ba za su iya sa hoto ya tsaya cif a bakin gilashi ba, sai suka zaɓi su sa ya wuce baki, domin mai kallo ya fi haƙuri da rasa ɗan gefen da bai san da shi ba a kan ganin baƙin layi yana rawa.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurina, domin ita muke yi kullum a shago. Idan za mu buga katin ɗaurin aure mai launi har baki, sai mun bar rarar milimita 3 ta kowane gefe, saboda wuƙar injin yanka ba ta sauka a wuri ɗaya sau dubu, kuma ba ma kai rubutu kusa da baki don kada a fille wa suna kai. Gidajen talabijin ma haka suka yi. A tsohuwar ƙa'ida, duk wani abu mai muhimmanci da ke motsi ana ajiye shi nesa da baki da kashi 5 cikin 100 ta kowane gefe, rubutu kuwa da kashi 10. Tun da sun san gefen ba a ganinsa, sai suka mayar da shi ɗakin ajiya. A tsarin PAL, wanda Najeriya da Sudan suka bi, layi 625 ake aikawa amma 576 ne kawai ke ɗauke da hoto, sauran kuwa lokaci ne da zaren yake komawa sama don fara sabon zagaye, kuma a cikin wannan tazara ake cusa siginar gwaji da shafukan rubutu na teletes, har da alamar da ke gaya wa akwati ko hoton mai faɗi ne. Kaset ɗin bidiyo ma yana da wata yagewa a can ƙasan hoto, inda kawunan injin suke karɓeɓeniya, wadda cin gefe yake rufewa.

Gilashin zamani, wanda mutanenmu suke kira filasma ko da ba filasma ba ne, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan larurori. Shi jeri ne na ƙananan ƙwayoyin haske da ake kira fiksel, kowace a kafe take a gurbinta, wuta ta yi sama ko ta yi ƙasa ba ta gusawa. A irin na Kawu akwai ƙwaya 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Kwamfuta ma adadin nan take aikawa, kuma da za a bar su, kowace ƙwayar da ta aiko za ta sauka a kan tata ƙwayar gilashin, ba ragi ba ƙari. Amma kamfanoni da yawa sun ci gaba da fitar da akwatunansu da cin gefe a kunne, saboda har yanzu akwai tashoshi da tsofaffin shirye-shirye masu datti a baki, mai saye kuma idan ya ga wani farin layi yana ƙyalli a saman hoto zai ɗauka akwatin ne ya lalace ya mayar da shi kanti. Na fahimci uzurinsu, amma ban yarda cewa ya kamata a ɓoye maganin a can ƙarƙashin saituna da sunan da ba wanda zai gane ba.

A ɗauka akwati yana cin kashi 2.5 cikin 100 ta kowane gefe, wanda ba wani abin mamaki ba ne. Wannan ya kama ƙwaya 48 a dama, 48 a hagu, 27 a sama, 27 a ƙasa. Abin da ya rage shi ne 1,824 sau 1,026, wato an zubar da ƙwaya 202,176, kusan kashi ɗaya cikin goma na hoton gaba ɗaya. Wannan ita ce asarar da ake iya gani, akwai kuma ta biyu da ta fi ta ɓoyuwa. Ƙwaya 1,824 ɗin da suka rage dole a miƙe su su cika gurbi 1,920, kuma tun da lissafin ba ya rabuwa daidai, sai akwatin ya riƙa cakuɗa kowace ƙwaya da maƙwabciyarta yana ƙirƙiro launin tsakani. A fuskar mutum ko filin ƙwallo ba a cika lura ba, amma siririn layin baƙi a kan fari, irin jan alif ko ɗigon nun, sai ya zama toka-toka. Abin da na yi da majan nan na kwamfuta kuwa ƙara wa ciwon gishiri ne: kwamfuta ta matse hoton ta kewaye shi da baƙin gefe, talabijin ya sake miƙe shi ya yanke baƙin gefen, aka dama rubutun sau biyu. Hazon da Kawu ya gani ke nan.

Gyaran na gaskiya a jikin talabijin yake, kuma da rimot ake yinsa, ba a kwance ko ƙusa ɗaya. Ana shiga saitin hoto a nemi wurin girman hoto ko siffarsa, wanda a jerin Larabci ake rubuta shi hajmus-sura ko makamancin haka. Wahalar kawai ita ce kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa abin. A Samsung ana samunsa da sunan Screen Fit ko Fit to Screen, a LG Just Scan, a Sony Full Pixel a ƙarƙashin Display Area, a Sharp Dot by Dot, a Toshiba Native, a Panasonic kuwa kalmar overscan ɗin ce kanta ake tararwa a kashe ta. Duk ma'anarsu ɗaya ce, a bar kowace ƙwaya ta zauna a gurbinta. Mafi yawan akwatunan da ke gidajenmu a nan da Larabci aka saita su, fassarar waɗannan sunaye kuma ba ta tafiya bai ɗaya, don haka na ga ya fi sauƙi mutum ya juya harshen zuwa Ingilishi na ɗan lokaci, ya gyara, sannan ya mayar wa mai gida da Larabcinsa. Zaɓin da aka rubuta 16:9 shi ya fi yaudarar mutane, domin kamanninsa na daidai ne, alhali a akwatuna da yawa a cikinsa cin gefen yake.

Wani lokaci za a tarar da zaɓin ya dushe ba ya dannuwa, kamar yadda na tarar a na Kawu. Abu na farko da za a duba shi ne girman da kwamfuta take aikawa, a tabbatar ya yi daidai da na gilashin, wato 1,920 sau 1,080 ga irin wannan akwati. Idan fuskar kwamfutar ƙarama ce, a danna maɓallin Windows tare da harafin P a zaɓi talabijin shi kaɗai, don kada ta tilasta masa girman tata fuskar. Abu na biyu, a akwatuna da dama, musamman na Samsung da LG, idan aka shiga jerin kafofin shigar hoto aka canza sunan kafar HDMI ɗin zuwa PC, akwatin yakan daina cin gefe da kansa, ya kuma rage kwalliyar da yake yi wa hoto. A ƙa'idar HDMI akwai wata 'yar alama da kwamfuta take iya aikawa ta ce kada a yanke mata gefe, amma ba kowane akwati ke sauraronta ba, shi ya sa sai an bi ta hannu. Bayan an gama, wajibi ne a koma cikin kwamfuta a mayar da majan nan inda yake tun farko, in ba haka ba baƙin gefe zai kewaye hoton, hazon kuma ba zai tafi duka ba. Na kuma rage abin da ake kira kaifin hoto, domin ƙara shi ba ya ƙara wa rubutu komai sai wani farin rawani da yake naɗa wa kowane harafi.

Don in tabbatar da aikin, na zana hoto a shago mai girman 1,920 sau 1,080, na kewaye shi da jan layi mai kaurin ƙwaya ɗaya a can bakinsa, na cika wani sashe na tsakiyarsa da layukan baƙi da fari a jere, kowane ƙwaya ɗaya. Idan aka buɗe irin wannan hoto ya cika fuska, jan layin ya bayyana ta ɓangarori huɗu, to ba a cin gefe. Idan kuma layukan tsakiya suka fito sumul babu wasu ratsi-ratsi masu kauri da sirara, to ba a miƙe hoton ba. Wanda ba shi da halin yin wannan, ya dubi sandar ƙasa da agogo da alamar rufe shafi ta can kusurwar sama, in duk sun fito cikakku ya isa shaida.

Kashe cin gefe yana da nasa farashin, kuma bai kamata in ɓoye shi ba. Da na kashe shi a kafar risiba ta tauraron ɗan'adam, wasu tashoshin da har yanzu suke aiko da hoto mai layi 576 sun fito da wani siririn layi mai ƙyalƙyali a sama, wasu kuma da baƙin zare a gefe ɗaya. Wannan shi ne tsohon ɗakin ajiyar nan da aka buɗe ƙofarsa, ba lalacewa ba ce. Tashar da ke nuna Harami kai tsaye, wadda Kawu yake barinta a kunne yawancin yini, tas ta fito, sai dai layin da ke kan wasu tashoshin ya dame shi, don haka na mayar da kafar risiba yadda take na bar ta kwamfuta a gyare. Yawancin akwatuna suna riƙe saitin kowace kafa daban, abin da yake da amfani a nan, amma kuma yana nufin wanda ya cire waya daga kafa ta ɗaya ya mayar ta biyu sai ya sake gyara daga farko. Akwai kuma ƙananan akwatuna masu araha, galibi 'yan inci 32, waɗanda ƙwayoyinsu 1,366 sau 768 ne. Waɗannan ko an kashe musu cin gefe, hoto mai layi 1,080 ko 720 sai an sake masa girma kafin ya zauna, don haka gefe zai dawo amma rubutu ba zai kai kaifin da ake so ba sai in kwamfuta ta aika musu da ainihin girmansu. Idan akwati ba shi da zaɓin kwata-kwata, a nan ne kaɗai nake ganin halaccin matse hoto daga kwamfuta, a matsayin lalura. Ɓoyayyen saitin masu gyara da ake shiga da lambobin sirri kuwa ban ba kowa shawarar taɓa shi ba, domin kuskure ɗaya a can yana iya hana akwatin tashi.

Akwai magana da nake so ta kai ga 'yan'uwanmu masu ɗaukar karatun malamai da tafsirin azumi suna haɗawa, a nan da gida. Kada sanin cewa ana iya kashe cin gefe ya sa a riƙa kai rubutu bakin hoto, domin mafi yawan masu kallo ba su taɓa shiga saitin nan ba, kuma ba za su shiga ba. Na sha ganin an rubuta aya ko hadisi a can ƙasa, ko an manna fassarar Hausa dab da baki, a waya ta fito lafiya, a talabijin kuwa rabin layin ya nutse. Ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Turai, a ƙa'idarta mai lamba R 95, ta ce a bar kashi 3.5 cikin 100 ta kowane gefe ga abin da ke motsi, kashi 5 ga rubutu da zane. A hoto mai 1,920 sau 1,080, kashi 5 ɗin nan ƙwaya 96 ne a dama da hagu, 54 a sama da ƙasa, kuma manyan manhajojin haɗa bidiyo suna da layukan da ke nuna wannan iyaka idan aka kunna su. Ga mai rubutun Larabci ko ajami, gefen dama ya fi kowane haɗari, tun da a nan ne lam'alif da harafin wau da sauran ƙananan haruffan da ke juya ma'ana suke fara layi.

Makonni biyu bayan gyaran, Kawu ya kira ni da dare ya ce haruffan sun sake gudu. Ashe ɗaya daga cikin jikokinsa ne ya danna maɓallin girman hoto a rimot yana neman wata tasha. Na bi da yaron ta waya har ya mayar, da na je kuma na rubuta matakan a 'yar takarda, da boko da ajami, na manna ta a bayan rimot ɗin da salatif. A ranar Kawu ya ce in koma masa shafin nan na farko. Ya karanta layin da lam'alif ɗinsa, ya wuce zuwa ƙarshen babin ba tare da ya tsaya ba, sannan ya ce, "Ɗan nan, ɗan rage girman kaɗan, ina so in ga abin da na rubuta a gefe." Na rage har bakin takardar ya shigo cikin gilashin, ajaminsa ya fito siriri da jar tawada, ya matso da kujerarsa ya fara karanta mini bayanin da malaminsu ya yi musu a kan wannan mas'ala a zaure.